An Toshe Hanyar Kwatano, Ba a Buɗe Ta Kaduna Ba

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora da sassafe ya ƙare wa motocin da ke lodin Tudun Wada da Doguwa kallo, ba ya buƙatar wani masanin tattalin arziki ya gaya masa halin da ake ciki. Golf ce da Sharon, an ɗaure but da igiya, ƙofa ba ta buɗuwa sai daga waje, buhunan masara a sama, mutum biyu a kujerar gaba ban da direba. Golf 3 ɗin nan da muke ta fama da ita, Jamus ta daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000. Ma'ana, wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta girmi yaran motar da ke kiran fasinja. Direbobin nan ba son tsohuwar mota suke yi ba. Canjinta ne ya gagara.

'Yan uwa, a wannan yanki namu mota ba kayan ado ba ce. Idan naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare a Riruwai ko Burji, aka ce sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, motar maƙwabci ita ce motar asibiti, kuma ita za ta ratsa Dajin Falgore. Manomin da ya noma masara a Doguwa, da mai tumatir da ke ban ruwa da ruwan Tiga, da mai rake, duk ribarsu tana rataye ne a kan wa zai kai kayan kasuwa, kuma nawa zai caje su. Ranar da motar haya ɗaya ta kwanta a ƙauye ba a maye gurbinta ba, kuɗin mota ya ƙaru a kan kowa, har da wanda bai taɓa mafarkin sayen keke ba. Shi ya sa muke ganin tsadar mota magana ce ta siyasa, ba hirar masu kuɗi ba.

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya ƙarya.

Kafin watan Yunin 2023, dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki motar da kuɗinta a can waje dala 5,000 ne. A tsohon farashi naira miliyan 2.3 ke nan. A 1,500 kuwa ta koma miliyan 7.5, mota ɗaya, ba a ƙara mata ko madubi ba. Ba a saka kuɗin jirgin ruwa ba, ba a saka na kwastam ba, ba a saka na kawo ta daga Legas ba, balle ribar dila da la'adar dillali. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano naira 71,000 ne, wato 852,000 a shekara. Ma'aikacin da ke kan wannan mataki, ko da ba zai ci ba, ba zai sha ba, ba zai biya haya ba, sai ya tara na kusan shekara tara kafin ya haɗa miliyan 7.5 ɗin. To malamin firamare a Kiru da me zai fara?

Wani zai ce ai dala ce, kuma dala ta shafi komai. Gaskiya ne. Amma mota ta sha duka biyu, domin kuɗin fito ma da dala ake lissafa shi. A 2022 aka yanke wa tsohuwar mota kashi 20 cikin 100 na fito, da ƙarin kashi 15 na harajin da aka ce don bunƙasa ƙera motoci a gida ne, ga harajin kayayyaki na kashi 7.5, ga sauran ƙananan caje-caje. A farkon 2024 farashin dalar da kwastam ke aiki da shi ya yi ta sauyawa sau da yawa a cikin wata guda. Dila ya yi odar mota da lissafi ɗaya, kafin jirgi ya iso lissafin ya rushe. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, gobe sai ya ɗora tsoronsa a kan farashi, mai saye ya biya.

Amma mu koma baya kaɗan, domin ba jiya aka fara ba, kuma babu gwamnatin da za ta wanke hannunta. A 2013, zamanin Jonathan, aka fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci, wanda ya ɗora fito kashi 35 da ƙarin haraji kashi 35 a kan motocin da aka gama haɗawa a waje. Zamanin Buhari, daga ranar 1 ga Janairun 2017, aka haramta shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa gaba ɗaya, sai ta tashar jirgin ruwa. Kowa a Arewa ya san abin da wannan ke nufi. Shekara da shekaru motar talaka ta Kwatano take zuwa, ta bi ta Nijar, ta Maradi ko Ƙonni, ta shigo. Ba mu ce duk masu wannan hanya suna biyan abin da ya kamata ba, fasa-ƙwauri ya yi yawa, kowa ya sani. Sai dai maimakon a gyara karɓar kuɗin a Jibiya da Maigatari da Illela, aka zaɓi a toshe hanyar, aka ce mutumin Kano ya tafi Legas. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa baki ɗaya har zuwa Disamban 2020. A 2022 aka kawo tsarin yanke kuɗin fito da lambar shasi, aka kuma rage shekarun motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12, diloli suka yi ta kukan cewa ana yanke wa tsohuwar mota kuɗi kamar na ƙanwarta. Sannan 2023 ta zo da cire tallafin mai da faɗuwar naira, ga juyin mulkin Nijar na watan Yuli da ya sake jawo rufe iyaka har zuwa Maris na 2024.

Kowane mataki an ba shi hujja mai daɗin ji. A daina mayar da ƙasarmu juji, a kare masana'antun gida, a samar wa matasa aiki. Madalla. To ina motar gidan?

Iyayenmu sun ga lokacin da maganar tana da ma'ana. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa mota a 1975, ma'aikacin gwamnati yana karɓar bashin mota ya fito da Fijo 504 sabuwa fil a leda. Volkswagen na Legas, Steyr na Bauchi, a nan Kano kuma ga NTM a kan titin Zariya, mai haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat, wanda duk ɗan yankin nan yake wucewa ta gabansa idan zai shiga birni. Waɗannan duk sun durƙushe ko sun zama inuwar kansu. Yau akwai Innoson a Nnewi, akwai kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Muna yi musu fatan alheri. Amma a gaya mana tsakani da Allah, direba nawa ne a tashar Tudun Wada zai iya tunkarar farashin sabuwar mota, ko ta gida ce? Harajin kashi 15 da aka ɗora a 2022 a kan kowace tsohuwar mota da sunan raya masana'anta, talaka ne ke biyansa, motar da ake raya wa kuwa ba shi zai hau ba.

Abin da ya fi ciwo, masu yin dokar su kansu ba su yarda da ita ba. A ƙarshen 2023, lokacin da mutane ke ajiye motocinsu saboda mai, Majalisar Tarayya ta saya wa 'ya'yanta manyan motocin Toyota na waje, sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360, jaridu suka ruwaito cewa kowace ɗaya ta haura naira miliyan 100. Hujjar da aka bayar ita ce hanyoyin mazaɓu ba su da kyau. Ikon Allah! Su hanyoyin, Golf ɗin talaka a sama take tashi?

Da aka toshe 'yar Beljiyam, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihu, sai kowa ya faɗa kasuwar ta hannu, wadda wani ya gaji da ita a nan gida. Nan ne ake yin kuka na gaske, kuma nan muke so mai karatu ya buɗe ido. Motar da a da za a kai Ƙofar Ruwa a yanka a sayar da kayanta, yau wanka ake mata da fenti a kafa mata galan a ka. Ana mayar da mitar tafiya baya. Ana zuba baƙin mai mai kauri don inji ya yi shiru na kwana biyu. Ana cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta kama. Wadda ta yi mummunan haɗari a Amurka, ko ambaliya ta shanye ta, kamfanin inshora ya yi gwanjonta, ita ma tana isowa a gyara mata jiki, sai bayan wata uku wayoyi da ƙwaƙwalwar motar su fara hauka. Mutum ya sayar da shanu biyu da amfanin gonar shekara, ya karɓi mukulli ana ta yi masa Allah Ya sanya alheri, kafin kaka ta zagayo inji ya buga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai maganar takardu, wadda ta fi ta inji haɗari, domin inji ana gyarawa. Mota tana iya wuce hannu huɗu da takardar kwastam ta bogi, babu wanda ya sani sai ranar da aka tare na biyar a hanyar Zariya ko ta Jos. Wanda ya shigo da ita ya daɗe da cin kuɗinsa, wanda ya saya da guminsa shi za a raba da ita. Ba tatsuniya ba ce: a 2019 kwastam ta garƙame wuraren sayar da motoci a garuruwa da dama har da Kano, a Maris na 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu fito daidai ba su je su gyara. Akwai ma na sata daga ƙetare, domin a Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tafi da bakanikenka, ba na mai mota ba. Ka duba lambar shasi a jikin mota ka gwada da ta takarda. Ka tabbatar da takardar fito a wurin kwastam, yanzu har ta intanet ana dubawa da lambar shasin. A rubuta yarjejeniya da shaidu. Mai motar da ya ce yana sauri, akwai wani mai saye a hanya, ka bar masa abarsa. Cinikin biri a sama ya ishe mu.

Ko an dace da mai lafiya, riƙon ta wani aiki ne. Litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta taɓa haura 1,000 a ƙarshen 2024. Inshorar dole ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. Kowa ya guje wa mai silinda shida ya koma neman ƙarama mai tsimin mai, sai ƙananan suka ƙara tsada. An ce a koma iskar gas. To, a Dadin Kowa a ina za a sha?

A ƙasashen da muke kwaso tsofaffin motocinsu, yawancin mutane ba sa tara kuɗin mota su biya a dunƙule, biya suke yi wata-wata. A nan, Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, bankunan kasuwa kuma suna ɗorawa a kai. Ko da ruwan ya yi sauƙi, mafi yawan mutanenmu ba za su taɓa shi ba saboda riba haramun ce. Hanyar da ta dace da mu tana nan: banki ya sayi motar ya sayar maka da ƙarin da aka sani tun farko, ka biya a hankali, kamar yadda Jaiz da TAJ suke yi. Matsalar ita ce an gina tsarin ne a kan mai albashin da ke shiga asusu duk wata. Hukumar bashin masu saye da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024, CREDICORP, ita ma da ma'aikata ta fara. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, da direban da nasa ke zuwa kullum da yamma, babu wanda ya auna su. Alhali suna da ƙungiyoyi, na direbobi da na manoman rani, masu shugabanni da rajista, waɗanda za su iya tsaya wa ɗansu. Gwamnatin jiha tana iya zama tsakani, ta lamunce wani kaso, a tsara biyan ya bi kaka ko ya bi mako.

Yanzu kuma mu juyo gida, don gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mun saba da bikin rabon motoci. A jera su a fili, a ɗaura kyalle, a kira sunaye, mu da muke shafukan nan mu yi ta watsa hotuna muna jinjina. Wanda ya samu, Allah Ya sanya albarka, ba hassada muke ba. Amma mota ashirin ko hamsin a mazaɓar da ke da dubban ɗaruruwan mutane ba ta rage ko naira ɗaya a kuɗin zuwa Kano. Wasu ma a satin suke kai ta wurin dila saboda ba su da kuɗin mai. Ɗan majalisar tarayya ba dila ba ne. Dokokin kuɗi da na kwastam ta gabansa suke wucewa, kasafin da ake sayen motocin ofis da shi da hannunsa yake amincewa. Wannan shi ne aikin da muka tura shi, ko daga wace jam'iyya ya fito, namu ne ko na wasu.

Saboda haka idan wakilan Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, da sanatan Kano ta Kudu suka zo gida, kafin a fara kirari a tambaye su. Me suka ce a zauren majalisa kan a tsayar da dalar kwastam wuri ɗaya na tsawon watanni, don mai odar mota ya san lissafinsa? Me ya hana a ware ƙananan motoci da na haya a sassauta musu fito, a ɗora nauyin a kan manyan motocin alfarma? Kuɗin harajin kashi 15 da aka tara tun 2022, nawa ne, kuma me aka yi da shi? Idan ana iya karɓar fiton wasu kayayyaki bisa ƙa'ida, me ya sa ba za a iya karɓar na mota a Jibiya da Maigatari ba? A ɗauki amsar a waya, a turo mana, za mu saka ta a wannan shafi yadda aka faɗe ta.