Filin Wasanni: Yadda Za Ku Gyara Zamiyarku a Jifan Dalma

Idan gasar wasanni tsakanin gidaje ta ƙarato, akan tura jifan dalma ga ɗalibin da ya fi kowa ƙiba. Amma sau da yawa siriri mai iya ƙafa ne yake lashe gasar, domin ƙarfin jifan daga ƙafa da ƙugu yake tasowa, hannu ƙarasawa kawai yake yi. Shi ya sa yau za mu duba salon zamiya.

Wani Ba'amurke mai suna Parry O'Brien ne ya fito da wannan salo a farkon shekarun 1950. Maimakon tsayawa a kaikaice, sai ya juya wa filin baya gaba ɗaya, don dalmar ta samu doguwar hanyar tara gudu. Da shi ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1952 da ta 1956. A 1988 Ulf Timmermann na Jamus ta Gabas ya jefa mita 23.06 da wannan salo, kuma Valerie Adams ta Niyu Zilan ta ci zinare da shi a 2008 da 2012. Ke nan 'yan mata, filin naku ne ku ma.

Faɗin da'irar jifa mita 2.135 ne kacal, don haka babu wurin ɓata motsi. Ga mai jifa da dama (bahago sai ya juya bayanin): ku ɗora dalmar a gindin yatsu, ba a tafin hannu ba, ku manna ta a wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, gwiwar hannu a ɗage. Ku tsaya a bayan da'ira, nauyinku a kan ƙafar dama, ku rusuna. Sai ku saki ƙugu ya tafi baya kamar za ku zauna a kujera, ku harba ƙafar hagu ƙasa-ƙasa zuwa katakon gaba, ku tunkuɗa da diddigen dama. Nan take ku jawo ƙafar dama zuwa tsakiyar da'ira, ta sauka a kan gaban tafinta, ta ɗan karkata ciki. Ƙafafun biyu su sauka kusan tare.

Kurakurai uku ne suka fi cinye wa ɗalibai tazara. Na farko, tsalle sama. Duk ƙarfin da ya tafi sama an yi asararsa, kuma kafin ku sauko gudun ya mutu. Ƙafar dama ta wuce dab da ƙasa. Na biyu, saurin waiwaye. Da zarar ido ya leƙa filin, kafaɗa za ta bi shi, murɗewar da ke tsakanin ƙugu da kafaɗa ta warware tun ba a yi amfani da ita ba. Ku kafa ido a kan wani abu da ke bayan da'ira har sai ƙafafu sun sauka. Na uku, tsayawa a tsakiya. Wanda ya dakata bayan zamiya, daidai yake da wanda ya yi jifa a tsaye. Da sauka, ƙafar dama ta murza, ƙugu ya shige gaba, ƙafar hagu ta turje, sannan hannu ya tura.

Ga atisayen wannan mako. Ku ja layi da alli a kan siminti, ku share yashi, ku yi zamiya sau ashirin ba dalma, kuna duba inda ƙafafunku suka sauka. Sannan abokinka ko ƙawarki ya riƙe hannun hagu ya biyo ku, don kafaɗa ta saba da zama a rufe. Daga nan ku auna jifa uku a tsaye da uku da zamiya. Idan na zamiya bai zarce ba, ɗaya daga kurakuran nan uku yana nan.

Ku nemi nauyin da ya dace: 'yan ƙasa da shekara 18, kilo 5 ga maza, kilo 3 ga mata. Ranar gasa kada ku taka saman katako, kuma ku fita ta rabin baya bayan dalmar ta sauka, in ba haka ba a soke jifan. Kada kowa ya tsaya a gaba, kuma a ɗauko dalma da hannu, ba a jefo ta ba.

Ku rubuta tazararku a bayan littafi, ku nuna wa malamin wasanni. Sai mako mai zuwa.