Rana Kyauta Ce, Batir Na Kuɗi Ne

Tun shekarar 1965 Nijar ta kafa ONERSOL, ofishin binciken makamashin hasken rana, wanda marigayi Farfesa Abdou Moumouni ya shugabanta shekaru da dama. Shekara sittin bayan haka, kusan mutum ɗaya ne kawai cikin biyar yake da wutar lantarki a ƙasar, a karkara kuwa abin ya fi haka muni. Da Nijeriya ta katse layin Birnin Kebbi a watan Agusta na 2023, bisa takunkumin CEDEAO, mutanen Yamai suka ɗanɗana duhun da talakan Bilma ya saba da shi tun haihuwa. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta rage wa babban birni zafi a ƙarshen shekarar, amma wayarta ba ta tsallaka Tenere.

Garuruwan da ke nesa da babban layi sun daɗe a kan injin gazuwal na kamfanin NIGELEC. Injin yana da arha wajen saye, tsadarsa tana wajen ciyar da shi: kowane kilowat-awa ɗaya yana shan kusan sulusin lita, kuma litar da ta taso daga matatar SORAZ ta Damagaram sai ta biya kuɗin mota, da hasarar hanya, wani lokaci har da rakiyar soja, kafin ta isa Dirku. Shi ya sa ake kunna injin sa'o'i kaɗan a kashe. Allunan hasken rana akasin haka suke, a zuba kuɗi da yawa rana ɗaya, sannan a yi shekaru ashirin ana sha. Haɗa su biyun da batir, wato rana ta ɗauki nauyin yini, batir ya riƙe farkon dare, inji ya cike giɓi, shi ne tsarin da shirin NESAP na Bankin Duniya ya tallafa wa tun 2017. A kan takarda lissafin ya fita, musamman da farashin allunan ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020.

Inda lissafin yake ɓaci shi ne batir. Zafin Sahara yana cin ransa kafin lokacinsa, kuma ko da kulawa sai an sauya shi alhali allunan suna da sauran ƙarfi. Masu ba da tallafi suna biyan gini da bikin yanke ƙyalle, ba safai suke biyan batir na biyu ba. Ranar da ya mutu babu kuɗin sauyi, garin ya koma gazuwal zalla, alluna kuma su zama inuwar awaki. Ƙurar hunturu ma tana rage ƙarfinsu idan ba a ɗauki wanda zai riƙa goge su ba, a wurin da ruwan sha kansa abin nema ne.

Akwai kuma batun mai saye. Garin da ba ya son wuta sai da dare, don fitila da cajin salula, yana tilasta a sayi batir mai yawa domin ciniki kaɗan. Injin niƙa, da famfon lambu, da mai walda, da firjin asibiti, su ne ke shan wutar tsakar rana wadda ta fi kowace arha, su ne kuma ke sa tasha ta riƙe kanta. Hukumar ANPER, da aka kafa a 2013 domin kai wuta karkara, ya kamata ta haɗa kowace tasha da bashin sayen irin waɗannan injuna ga masu sana'a.

Farashin wuta bai ɗaya a duk ƙasa adalci ne, domin ba laifin Bilma ba ne da take nesa. Amma wani ne ke biyan bambancin, kuma 'yan ƙasa suna da haƙƙin sanin ko nawa ne. Hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi tana da ikon neman NIGELEC ya bayyana abin da kilowat-awa yake ci a kowane gari na nesa, da litar gazuwal ɗin da rana ta rage, da kuɗin da aka ware a asusu na dabam domin sauya batir, gari-gari, kowace shekara.