Kuɗin fenti akwai, na danja ne babu

Jama'a, yau da masu tirelar tarakta nake, kuma har da ni a ciki, don haka kada wani ya ce ɗan boko ya zauna a ofis yana zagin masu neman halali.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan magariba, ina kan hanyar Bagwai zuwa Bichi zan koma Kano, saura ƙiris in shige ƙarƙashin wata tirela. Ba danja, ba ɗan abin ƙyalli ko guda a bayanta. Buhunan shanshera sun yi tsiri, samari biyar zaune a samansu suna hira. Da na sha gabansu na tsaya, na ce wa direban, ƙanena me ya sami fitilar bayanka? Sai ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai ai ka gan mu, tunda ga shi ba ka buge mu ba." Na haska bodin da fitilar waya. Sabon fenti kore da ja, an zana fulawa, an rubuta sunan mai ita da manyan baƙaƙe. Kenan mai ita ya biya mai fenti, wayar danja ce ta fi ƙarfin aljihunsa.

Ba wanda ke musun amfanin tirelolin nan. Tun da aka gina dam ɗin Watari a ƙarshen shekarun 1970 mutanenmu ba sa zaman rani. Shinkafa, tumatir, albasa, masara, duk sai an fito da su daga bakin kanal zuwa kwalta, daga nan Badume ko Bichi, wani kayan har 'Yankaba da Dawanau. Amalanken shanu ba zai iya wannan jigila shi kaɗai ba, babbar mota kuma ba ta shiga lungun gonaki. Ga gas ya yi tsada tun 2022, fetur ya bi sahu bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Na san duk wannan, domin ni da yayana mun haɗa kuɗi mun sayi tirela ta hannu, muna liƙa ta a taraktar wani ɗan'uwanmu ana raba abin da aka samu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da muke kira "gyara". Mutum ya sayi tirela, washegari ya kai ta wurin mai walda. A ƙara mata tsayi da rodi, a ƙara mata tsawo ta baya, don ta ɗauki buhu talatin bayan wanda ya ƙera ta bai yi ta don haka ba. Amma ƙarfen da ke riƙe da tayoyin yana nan yadda yake, sifirin shi ne dai, boris shi ne dai, taya ma ita ce. Bodi kaɗai ya girma. Kuma ƙarin da ake yi ta baya shi ne mafi muni. Tirela mai tayoyi a tsakiya kamar sikeli take: in kaya ya yi nauyi a bayan taya, bakinta ɗagawa yake, ya rage wa tayoyin bayan tarakta riƙon ƙasa. Ita kuwa tarakta birkinta a tayoyin bayan nan yake, mafi yawan tirelolinmu kuma ba su da birki nasu. To a gangara wa zai tsayar da wa? Tsayin da aka ƙara kuma, da zarar taya ɗaya ta faɗa rami, sai kaya ya rinjaya gefe.

Ku dubi manyan tirelolin da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina. Gaban bodinsu a kan tayoyin bayan kan motar yake zaune. A Amurka ma manoma da masu kiwo suna da wata tirela mai lanƙwasasshen wuya kamar na dinya, wuyan ya haura ya sauka a tsakiyar bayan a-kori-kura, daidai saman tayoyin baya, ba a jela ba. Irin wannan kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motar yake sauka, mai maƙalawa a jela kuwa 10 zuwa 15 ake so. Ban kawo wannan don in ce mu koma Amurka ba. Nufina, su da za su canza wa tirela fasali sai sun fara tambayar ina nauyi zai zauna. Mu kuwa tambayarmu ɗaya ce, buhu nawa za ta ƙara ci.

Bari in tona wa kaina asiri. Bara da rani yaronmu ya yar da fin ɗin da ke haɗa tirela da tarakta. Bai faɗa mana ba, ya sami guntun rodi ya zura ya lanƙwasa bakinsa. Kwana uku yana aiki da shi. A na huɗu, da lodin taki, yana hawa kwalbati rodin ya ɓalle, tirela ta koma da baya ta kwanta a magudanar ruwa. Allah Ya tsare ba kowa a kai, ba kowa a baya. Rabin takin ya jiƙe, mu muka biya. Na yi ta faɗa, sai yayana ya ce, "Kai da kake kira kullum da daddare kana tambayar balas, ka taɓa tambayarsa yaushe ya sa giris?" Ban taɓa ba. Kuma ko sarƙar tsaro ba mu ɗaura mata ba, wadda da tana nan da ta riƙe ta.

Wannan ita ce cutarmu mu ma'aikata da muke sayen abin hawa don ya tallafi albashi. Mun san ranar karɓar kuɗi, ba mu san ranar duba noti ba. Yaro ya san in ya ce a sayi taya za a ce ya cika kawo matsala, sai ya kai ta wurin mai faci a karo na bakwai. Mutum nawa ne a cikinmu suka san akwai lambobi huɗu a gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta? In ka ga 2316, mako na 23 ne na shekarar 2016. Ku je ku duba naku, musamman 'yan Kwatano, za ku ga abin mamaki.

Na san abin da za a rubuto mini a ƙasa. Talauci ne. Gwamnati ta gyara hanya tukuna. E, burjinmu da ramuka, amma mummunar hanya dalilin rage kaya ce, ba dalilin ƙarawa ba. Talauci kuma, giris, fin na gaske, sarƙa da sitika mai ƙyalli duka ba su kai kuɗin ƙarin bodin da aka yi wa mai walda ba. Wanda zai ce ƙaddara ce, ba na jayayya da ƙaddara, amma rodin da aka zura a gurbin fin hannun mutum ne ya zura shi.

Manoma ma ba ku fita ba. In an yi ciniki a kan sawu, ku ne masu cewa a ƙara buhu biyu, ai akwai wuri. In a kan buhu ne, mai tirela ke danna lodi. Ko ta ina aka bi, 'yan ƙwadagon da aka ɗora a sama don a huta biyan kuɗin mota su ne rayukansu ke kan layi, kuma 'ya'yan maƙwabtanmu ne.

Jami'an hanya ba za su iya tsayuwa a kowane bakin kanal ba, amma shugabannin manoman rani da masu unguwanni suna ganin kowace tirela da safe. Za su iya cewa wadda ba ta da danja kada ta yi lodi bayan la'asar. Mu dai tamu mun yanke ƙarin da muka tarar a bayanta, mun rubuta adadin buhu a jikin bodi, kuma na gaya wa yaron duk manomin da ya matsa a wuce haka ya kira ni in yi magana da shi. Mun rasa kwastomomi biyu a makon farko, ɗaya ya dawo.