Mai Zanen Namun Daji Mai Ba da Shaida Ne

A zamanin da Sarki Jahangir yake bisa gadon daular Mugal ta ƙasar Hindu, daga 1605 zuwa 1627, akwai wani gwanin zane a fadarsa, Ustaz Mansur, wanda sarkin ya yi wa laƙabi da Nadirul Asri saboda fifikonsa a kan tsararrakinsa, kuma babban aikinsa shi ne, duk sa'ad da aka kawo wata baƙuwar dabba ko wani tsuntsu na al'ajabi, ya zauna gabansu ya fitar da siffarsu a takarda ba ƙari ba ragi. Haka ya zana talotalon da aka kawo daga Gowa a 1612, da jakin dawan da ya zo daga Habasha a 1621, wanda sarki ya yi shakkar ko rina masa zanen jikinsa aka yi, sai da aka bincika aka tabbatar halittarsa ce. Da suka je Kashmir kuwa, furannin da ya zana sun haura ɗari.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai cikin ayyukan da ake jingina masa shi ne surar wani ƙaton tsuntsu marar tashi na tsibirin Morishas, wanda Turawa suke kira dodo. Tsuntsun nan ya ƙare ƙaƙaf a bayan ƙasa kafin ƙarnin ya cika, ganinsa na ƙarshe da akasarin masana suka yarda da shi a 1662 ne. Da yake masu zanen Turai da dama sun kumbura shi sun ɓata masa kama, wannan 'yar takarda da ke ajiye yau a birnin Sen Fitasbag na Rasha ta zama tana cikin hujjoji mafi inganci a kan yadda Allah Ya ƙaga shi. Wanda ya kafa ido a kan abin halitta har ya san inda gashi ya kwanta da inda ya tashi, sa'an nan ya sauke abin da ya gani da amana, to, ya ba da shaida, kuma shaidarsa tana iya wanzuwa bayan wanda aka yi wa shaidar ya shuɗe.

Na san mai karatu zai tuna mini da mas'alar taswira, wato hukuncin zana sura a shari'a, kuma haƙƙinsa ne ya tuna. Duwatsu da koguna da itatuwa dai jumhurun malamai ba su ga laifin zana su ba, an ma ruwaito Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya nuna wa wani mai wannan sana'a ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Game da masu rai, malamanmu na Malikiyya sun rarrabe tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, wadda suka haramta, da wadda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko tufa, wadda hukuncinta a wurinsu bai kai haramci ba. Wanda ya zaɓi tsantseni ya tsaya ga tsirrai da tsaunuka, ina girmama shi, filin da ya rage masa ma ba zai ƙure shi ba.

Wani kuma zai ce kyamara ta shafe wannan sana'a. Ban yarda ba, domin har gobe littattafan da masana suke ɗauka su shiga daji don tantance tsuntsaye, mafi yawan nagartattunsu da zanen hannu ake cika su, saboda mai zane yana tattara abin da ya lura da shi a lokuta dabam-dabam ya bayyana alamar da ke raba jinsi da jinsi, alhali kyamara ƙiftawar ido ɗaya take kamawa.

Abin da ke damuna shi ne halin da muke ciki. A Dabus, arewa da Agadas, wasu mutanen da suka rayu shekaru dubbai da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban cikinsu ya haura mita 5, da dabbare-dabbaren jikinsa ɗaya bayan ɗaya, a wurin da yau rairayi ya mamaye. Raƙuman dawa irin na yammacin Afirka, waɗanda suka rage a Kure kusa da Yamai, sun taɓa komawa kamar 50 kacal a 1996 kafin kulawa ta farfaɗo da su, har aka kai takwas gandun Gadabeji a 2018. Mariri kuwa an bayyana ƙarewarsa a daji a 2000, sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Duk da haka zakin da ake zana wa a bayan manyan motocinmu, mai kyan gani ne, ban musa ba, amma daga wani zanen aka kwafo shi, wancan ma daga wani, har ya zamana yaro ya san zakin mota bai san kamar gada ko gwanki ba.

Ina roƙon sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa su riƙa kai almajiransu Yankari da rani, lokacin da giwaye suke gangarowa kogin Gaji shan ruwa, su kai su fadamun Haɗeja da Nguru sa'ad da tsuntsayen Turai suke sauka da sanyi, a zaunar da su makonni da takarda da alƙalami, tare da maharban da suka san ɗabi'un namun, a kuma rubuta sunan kowace dabba da Hausa, da wurin da aka gan ta, da ranar, a ƙarƙashin surarta.