Ra'ayinmu: Ba Aikin Mai Kwamfuta Kaɗai Ba Ne

A ranar Alhamis, 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku masu kawo intanet Afirka ta Yamma suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Kano ba ta da teku, amma abin ya iske ta har cikin birni. Harkokin bankuna da dama suka cije, mai saye a Kasuwar Kurmi yana tsaye da waya a hannu, kuɗi sun ƙi tafiya, mai kaya kuwa ya ƙi sakin kaya. Aka yi ta ɗora laifi a kan "masu kwamfuta".

Mu a ganinmu wannan hukunci bai cika adalci ba. Ma'aikacin sashen kwamfuta ya san yadda ake ajiye bayani a wuri biyu, ya san amfanin ɗaukar layin intanet na biyu daga wani kamfani dabam. Amma ba shi ke sa hannu a kan kuɗin ba. Sau da yawa takardar roƙonsa kan kwana a teburin akanta har shekarar kuɗi ta ƙare, sai ranar da abu ya ɓaci a tuna da shi.

A ranar 1 ga Agusta na shekarar 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ɓata-gari suka fasa Babbar Kotun Jiha da ke Sakatariyar Audu Bako, suka yi awon gaba da takardun shari'a. A irin wannan ofishi, wa ya san fayil ɗin da idan ya ɓace maraya zai rasa gidan gadonsa a Yakasai ko Zango? Babu shakka magatakarda ne da alƙali. Su ya kamata su ce wannan a fara kwafe shi, wancan yana iya jira. Injiniya ba ya iya zaɓa musu, domin a wurinsa duk fayil fayil ne.

Su ma masu kwamfutar ba mu wanke su ba. Wasunsu kan yi wa shugabanni bayani da Turancin da ba mai ganewa, wasu kuma su riƙe lambobin sirri na ofis a kansu su kaɗai, kamar asirin kakanni. Ranar da irin wannan ya tafi aikin Hajji, sai biyan albashi ya tsaya.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ne za mu zauna a waɗannan kujeru gobe, wasu a sashen kuɗi, wasu a na mulki. Shawararmu ga kowace ma'aikata ita ce ta ware rana ɗaya a shekara, a kashe na'ura da gangan, shugaba da akanta da injiniya suna zaune a ɗaki ɗaya, a ga ko za a iya fito da takardar albashi kafin la'asar.