Kwalbar inabi a babban tebur, zobo a bayan zaure

Duk mai zuwa biki a Maraɗi ya san wannan tsari. Manyan baƙi ana jera musu dogayen kwalabe masu siririn wuya, cike da jan ruwan inabi da aka shigo da shi daga waje. Zobo kuwa a leda yake, a bayan zaure, na yara da masu wanke-wanke. Za a ce mini babu barasa a cikin kwalbar, kuma na yarda. Sai dai siffarta da launinta da ƙarar buɗe ta duk kwaikwayon giyar Turawa ne, kuma ƴaƴanmu suna kallo. Darasin da suke ɗauka shi ne girma yana cikin abin da ya yi kama da giya, abin da gonar kakansu ta ba da kuwa na talaka ne.

Giya haram ce, wannan ba abin jayayya ba ne a tsakaninmu. Amma ya kamata malami ya san yadda Faransawa suka ɗaga tasu, domin dabarar ba ta cikin maye. A yankin Bordo suna haɗa irin inabi biyu ko uku: Cabernet Sauvignon mai ɗan bauri da jure ajiya, Merlot mai laushi, wani lokaci da Cabernet Franc. Suna ajiye haɗin a gangunan itace har ya kwanta, wasu kwalaben su shekara ashirin kafin a buɗe. A 1855 suka jera manyan gonakinsu daraja-daraja, a 1935 kuma suka kafa dokar da ke tsare sunan yanki, ta yadda ba kowa ke rubuta Bordo a kwalbarsa ba. Manomi ya san ƙasarsa, ya rubuta abin da ya sani, ya koya wa ɗansa. Sirrin tsadar ke nan.

To, mu me muka rubuta game da yakuwa? Tsiro ne da mata ke shukawa a gefen gonar hatsi daga Tsibiri har ƙauyukan Madarunfa, ba ya neman ruwa mai yawa. Ganyensa miya, ƙoƙon furensa zobo, gurguzunsa daddawar batso. Mai dafa zobo ita ma gwanar haɗi ce: ta san wane iri ne mai duhun ja, wane ne mai tsami, ta san adadin citta da kanumfari da masoro da zai gyara ɗanɗano, ta san lokacin sa na'ana'a ko ɓawon abarba. Busasshen zobo yana wata da watanni a buhu idan an kare shi daga damshi. Ƴan kasuwa a Kano da Jigawa suna loda shi a kwantena zuwa Meziko, inda ake shansa kullum. A Sudan da Masar karkade ake ce masa, kuma da shi ake tarbar baƙo. Mu da muke nomansa mu ne ke jin kunyar ɗora shi a tebur.

Na san hujjar iyaye, kuma tana da nauyi. Suna cewa zobon ƙofar lekwal ba a san da wane ruwa aka dafa shi ba, ana zuba shi a gorunan roba da aka tsinto, ga sukari kamar ba gobe. Wanda ya ga kwalarar da ta afka wa jihar Maraɗi a 2018 ba zai raina maganar ruwa ba. Amma mu duba abin da muka maye gurbinsa da shi: garin kala na ƙaramar leda, wanda ake kaɗawa da wannan ruwan dai, ba tare da an tafasa ba. Zobo ko ba komai yana hawa wuta. Inda matsalar take shi ne gora da hannu da ƙanƙara, kuma duka ukun hukumar makaranta da kwamitin iyaye suna iya sa musu ido. Korar mai zobo daga ƙofa, a bar mai garin kala, rashin adalci ne ga uwar da ke biyan kuɗin littafi da wannan sana'a.

Ga ƴan'uwana malamai, dakin gwaji kyauta yana cikin kofi ɗaya. Launin zobo dangin sinadari ɗaya ne da wanda ke fatar jan inabi. A ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, a sa masa ruwan kanwa ko na toka ya juya zuwa kore, ga darasin asid da kishiyarsa a gaban yara ba tare da an jira kaya daga Yamai ba. A bar zobo mai sukari kwana biyu cikin zafin Afrilu, zai yi kumfa ya canza wari, domin ƙwayoyin yis sun fara mai da sukarin barasa. Yaron da ya ga haka da idonsa ya fahimci yadda giya ke samuwa, ya kuma san dalilin da ya sa ba a sayar da zobon jiya.

Hanyar ɗaga namu ma a buɗe take. Hukumar OAPI ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar sunan asali, irin kariyar da Bordo ke taƙama da ita. Muna da cibiyar INRAN a Tarna, muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, muna da manoman Jiratawa da suka mai da zogale kayan kasuwa. Abin da ya rage shi ne masu saye da ba sa raina kayan gida, kuma a aji da tsakar gida ake renon su.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kwamitin iyaye ya zauna da masu sayar da zobo a kafa ƙa'ida: ruwan famfo tafasasshe, gora wankakkiya, sukari daidai. Kowane malamin kimiyya ya yi gwajin kanwa da lemun tsami ko sau ɗaya a shekara. Ranar bikin raba sakamako kuma, a zuba zobon Tsibiri a kofin gilashi, a ajiye shi a gaban babban baƙo, a faɗi sunan garin da aka noma shi da sunan wadda ta dafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.