Kafin a ɗaga shinge, a fara gina zuciyar mahayi

Da zarar Sallah ta matso, sai ka ga samari sun yi dafifi a bakin barga, masu neman aron doki da masu neman haya. Daga Kano zuwa Katsina, har masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum a yammacin Zamfara, sha'awar doki tana nan daram. Abin da ya ragu shi ne haƙurin koyo. Yaron da bai yi mako biyu da sanin likkafa ba, sai a ɗora shi kan ingarma a ce ya yi sukuwa da zamiya, abokai na ɗaukar bidiyo.

Akwai darasi a wasan tsallaken shinge da doki, wanda ake yi har a gasar Olamfik. A can tsayin shinge yakan kai kimanin mita 1.60, amma babu wanda ya fara daga nan. Mai koyo yana farawa ne da itacen da aka shimfiɗa a ƙasa, doki ya ƙetare da tafiya, sannan da sassarfa. Daga nan a gicciye itatuwa biyu, ƙasa-ƙasa. Sai an ga mahayi ya zauna daidai, hannunsa bai fizgi linzami ba, idonsa na gaba, kana a ƙara santimita 5 ko 10. Ranar da ya firgita kuwa, a sauke shingen a koma baya, kuma ba a ɗaukar hakan abin kunya.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya san doki. Doki yana jin tsoron mahayinsa ta cinya da hannu. Mai fargaba yakan ƙanƙame sirdi, ya ja linzami a daidai lokacin da ya kamata ya sassauta, sai dokin ya turje ko ya yi tutsu. Linzaminmu na gargajiya kuma mai zafi ne, a hannun matsoraci yana iya fasa bakin doki. Ta haka tsoro ke lalata mahayi da dokin baki ɗaya.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 1995, Christopher Reeve, ɗan wasan Amurka da ya fito a fim ɗin Superman, ya faɗo a wata gasa a jihar Virginia bayan dokinsa ya turje a gaban shinge. Ya karye a wuya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba har ya rasu a 2004. Wannan mutum ne da ya yi shekaru yana hawa, a ƙasar da asibiti ke kusa. To ina ga yaron da ya faɗo da ka a Bagega? Sai an kai shi Anka, in abin ya taɓa ƙwaƙwalwa ko laka a nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san halin tsaronta.

Iyayenmu ma da mataki-mataki suka koya. Yaro yakan fara da yankan ciyawa da share turke da kai doki shan ruwa. Daga nan ya hau ana riƙe masa ragama, sannan ya fita kilisa a bayan manya. Kafin a bar shi ya yi sukuwa a gaban sarki, ya san halin dokinsa kamar tafin hannunsa. Da rarrafe yaro kan tashi. Irin wannan tarbiyya ce ta sa Katsina ta yi suna a wasan polo tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo.

A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Wannan daraja tana da nauyi. Muna kira ga masarautu da su ɗora wa Shamaki da sauran masu kula da barga alhakin tantance wanda ya isa shiga hawa. Masu ba da hayar doki su daina miƙa ingarma ga duk wanda ya zo da kuɗi. A keɓe fili don koyo nesa da titin mota, a duba majayi kafin a hau, mai koyo ya sa hular kwano.

Iyaye kuma su daina auna jarumtar ɗansu da saurin dokinsa. Idan yaro ya ce bai shirya ba, a saurare shi, a mayar da shi matakin da ya iya. Wata Sallar na tafe, kuma gara ya hau ta da ƙafafunsa biyu.